Kwabban Bakin Tafki a Gwangwanin Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. An yi zaman makoki a gidansa na unguwar Al-Sih a nan Madina, maza a waje kan kujerun da aka jera a bakin titi, mu mata a ciki, ana zagayawa da gahawa da dabino. A zaman nan na ji an yabi mutane iri-iri da sunan Kawu, kuma kusan babu wanda na sani a cikinsu.

Matan likitocinmu 'yan Nijeriya suka ce dattijo ne mai fara'a, ba ya tsawwala wa alhazai kuɗin carbi. Tsofaffin unguwa, waɗanda iyayensu suka zo ƙasar nan a ƙafa, ba abin da suke maimaitawa sai, "Ya dace, wallahi ya dace. Salla a Harami, kwanciya a Baƙi'a, me ya rage?" Wata ta share hawaye ta ce, "Ga yawan addu'a. Ko canji ya ba ka sai ka ga ya ɗaga hannu." Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Can daga bakin ƙofa wata tsohuwa ta matsa kusa da ƙawarta, ta rage murya irin ragewar da duk ɗaki ke ji, ta ce, "Ba shi ne mai tara kwabban caca ba?" Kowa ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa a nan ne kaɗai na ji an taɓo Kawun da na sani.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Na gaji da aiki, na gaji da amsa gaisuwa, na gaji da jin ana wanke mamaci da baki har ya daina kama da kansa. A Madina ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata kuma ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a, iyakarmu mu tsaya bayan katanga mu leƙa ta tsakanin ƙarafa. Ban san inda aka sa shi ba. Inna, matarsa, ita ma ba ta sani ba. Abin da ya bari wanda mutum zai riƙe a hannu ya ce wannan Kawu ne, gwangwani ɗaya ne tak, kuma a kansa muka yi rigima gawarsa ko hucewa ba ta yi ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ya bar gida tun ba a haife ni ba, ya bi fatake gabas, daga baya labarinsa ya yanke, sai wani alhaji ya dawo ya ce ya gan shi a Madina yana sayar da carbi. Da na samu aiki a saidaliyya, wato ɗakin magani, na wani asibiti a nan, a farkon shekarun casa'in, mahaifiyata ta raka ni har bakin mota ta ce, "Ki nemo min shi. Ki gaya masa ban yafe ba, sannan ki gaishe shi da kyau." A wani ɗan shago na same shi a unguwar Anbariyya, tsakanin mai turare da mai darduma. Na yi sallama na faɗi sunan garinmu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai ma tambaya ba, a fuska ya gani. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya ce, "Tana da gaskiya," ya tura min kofin shayi a kan teburin shagon.

Na ce ya tura min, don Kawu ba ya miƙa wa kowa abu hannu da hannu. In alhaji ya sayi carbi, sai ya jera canjin ya tura masa da bayan yatsu, sannan ya tafa hannu sau ɗaya a hankali, ya buɗe tafukansa sama. Alhazai su ce amin, wasu har su shafa fuska. Ni ma na daɗe ina cewa amin kafin ya gaya min gaskiya. A ƙuruciyarsa mai tebur ne a wani gidan caca, a otal ɗin Turawa da ke bakin wani babban tafki a gabashin Kwango. Shi ke raba kati, shi ke juya faifai, shi ke kwashe abin da aka ci. Doka ce a wurin: in ka taɓa kuɗi, ka tafa ka buɗe hannu don shugaban da ke tsaye a bayanka ya ga ba ka ɓoye komai ba. Kai ya yi furfura, hannun bai manta ba.

"Kawu, ba za ka gaya musu ba?"

"In gaya musu me, Uwata? Amin nake samu kyauta, ke kina so ki toshe min."

Gwangwanin irin na madarar gari ne, babba, fentinsa duk ya goge. A ƙarƙashin gadonsa yake zama. Ranar hutuna in na zo daga unguwarmu ta Ƙiblatain, bayan la'asar, in ya ga ɗansa ba ya gida, sai ya jawo shi ya zazzage a kan tabarma. Kwabbai ne da gidajen caca ke bayarwa a madadin kuɗi, shi yana ce musu jiton da bakin Faransanci. Akwai na yumɓu masu nauyi, akwai na ƙashi da suka yi rawaya, akwai na roba waɗanda yake raina wa, akwai masu kusurwa huɗu da ke sheƙi. Ido rufe yake gane su. Sai ya saki ɗaya a kan faranti ya saurara, ya ce wannan tsoho ne, yanzu ba a yin irinsa. Na bakin tafki yake warewa gefe, su ne 'yan gabansa. Wasu da hoton jirgin ruwa, wasu da kifi, wasu sunan otal ɗin ya goge saura haruffa biyu.

Na taɓa tambayarsa me ya sa sai bakin tafki. Ya gyara zama, na san na jawo wa kaina.

"Iyaka ta tsakiyar ruwa take bi. Wannan gaɓa an hana, waccan ba a hana ba. Sai mutum ya sa kwat ya hau jirgi ya tsallaka, ya yi abin da ƙasarsa ta hana, ya dawo yana mutumin kirki. Kuma mai kuɗi ba ya cewa caca za shi. Cewa yake likita ya ce ya huta a bakin ruwa. Asali ma don hutun aka gina wuraren, masu ciwon ƙirji da masu ciwon gaɓoɓi. To in ya yi wanka ya ci ya ƙoshi, me zai yi da sauran yinin? Sai aka shigo masa da tebur."

Ya ce duk ƙarshensu ɗaya ne. Ko gwamnati ta canja, ko hanya ta kauce, ko yaƙi ya zo. Nasu otal ɗin rikicin da ya biyo bayan 'yancin kai ne ya ci shi. Wani da ya bi ta wurin daga baya ya ba shi labarin soja sun ɗaure awaki a ɗakin da ake rawa, yara kuma suna wasa da kwabban a bakin ruwa. "Kuɗin ƙasar da ta mutu ne, Uwata," in ji shi. "Ranar da gidan ya rufe, ko albasa ba za su saya miki ba."

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin kwabonsa na farko, wani baƙi mai ratsin fari. Akwai wani manomin kofi da ke tsallakowa duk ƙarshen wata, mutum mai ladabi, shi kaɗai ke gaishe da ma'aikata. Wata rana ya zauna a teburin Kawu ya rasa kuɗin amfanin gonarsa, ya rasa na bashin da ya ci a kan gonar, Kawu na jan kwabbansa da 'yar sandar nan mai kama da manjagara, yana tafawa yana buɗe hannu. Mutumin ya tashi ya yi masa godiya. Da safe masunta suka tsamo shi. A aljihunsa aka samu kwabo ɗaya, aka wanke aka mayar wa Kawu a tire don a ci gaba da wasa da shi. Kawu ya sa shi a aljihunsa, watan bai ƙare ba ya kama hanyar Sudan, daga can ya tsallako teku zuwa ƙasar nan.

"Ɗan caca ba ya rabuwa da ɗaya," ya ce min. "Ya rantse ya daina, ya zo Makka ya yi kuka, amma ki duba jakarsa, akwai ɗaya. Yana cewa na tunawa ne. Ƙarya yake, ƙofar komawa ce."

A nan aikinsa na gaskiya yake, carbi rufa-ido ne. A hannu yake gane su. Yadda mutum ke jujjuya silalla a tsakanin yatsu, yadda yake tara canji ya raba shi gida biyu ba tare da ya duba ba. Na ga ya yi sau ɗaya da idona, ina zaune a lungun shagon ina jiran ya tashi. Wani ɗan kasuwa ne Bahaushen Kamaru, ƙato, da agogon zinariya. Kawu ya bar shi ya gama zaɓe, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, wane gida kake zama?" Mutumin ya faɗi masaukinsa. Kawu ya ce, "Ba wannan ba. Na tebur." Na ga gumi ya keto wa mutumin. Ya waiga ya ga ba mai saurare sai wata mata a lulluɓe, sannan ya ciro jakar fasfo ya zaro wani koren kwabo daga bayan hoton 'ya'yansa.

Kawu bai yi masa wa'azi ba. Bai iya ba ma. Ya karɓa ya juya shi, ya faɗi sunan tafkin da otal ɗin yake, ya tambaya ko har yanzu bishiyoyin bakin matakalar suna nan. Suka yi hira kamar 'yan gari ɗaya. Daga nan ya ɗauko carbi mai kyau ya tura masa. "Ka bar min wannan, ka ɗauki wannan. Ba na yarwa, ba na sayarwa. Duk sanda ka zo ka ce in nuna maka, zan nuna maka." Kuma suna zuwa. Wasu bayan shekaru. Ya aika gida a ɗauko gwangwanin, mutum ya kalli nasa, ya ga yana nan a Madina ba a aljihunsa ba, ya sha shayi ya tafi.

Wanda bai taɓa yarda da wannan ba shi ne ɗansa, taubashina. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, ni ina ce masa Balaraben aro, shi yana ce min duktura mai ƙwayoyi. Ya yi karatun addini, kuma ba mugu ba ne, kada a ɗauke ni ba daidai ba. Ya sha wuya a makaranta a kan fatarsa da harshen gidansu, ya gina mutuncinsa da ƙyar, ga 'ya'ya mata da zai aurar. Ba ya son a ƙara masa da cewa ubansa ma'aikacin gidan caca ne. In aka tambaye shi sai ya ce fatauci mahaifinsa ya yi a Kwango. Wata rana ya dawo ya tarar da mu da kwabbai a baje. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Haram, ya abuya. Kayan caca a garin Manzo?" Kawu ya ci gaba da tattarawa ya ce, "To a ina kake so su zauna? A aljihun masu su?" Ɗan ya ce tuba ba ta bukatar gwangwani. Kawu ya ce, "Taka ba ta bukata, don ba ka taɓa zama a tebur ba." Suka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su, Inna na kai abinci ɗaki biyu.

Ni ma mun yi namu faɗan, a kan sukari. Na kawo masa magani, na rubuta masa ƙa'ida, na dawo na tarar da shi da shayi mai kauri da dabino a gefe. In na yi masifa sai ya ce, "Uwata ta gaske ma ba ta yi min haka ba." Gida kuwa bai koma ba. Kullum bana, kullum baɗi, har mahaifiyata ta rasu ba su ga juna ba. Ranar da na kai masa labarin ya rufe shago da rana tsaka. Ban taɓa yafe masa wannan gaba ɗaya ba, kuma ya sani. Bayan shekara ta dubu biyu ƙafa ta fara ba shi wahala, ido ya biyo baya, amma ko da ya daina gani sosai yana sakin kwabo a faranti ya faɗa min na waye.

A rana ta biyu ta makoki tsofaffin mata suka ce a yi masa hailala, yadda ake yi a gida. Ana bukatar abin ƙirge. A garinmu da tsakuwa ake yi ko ƙwallon dabino, amma a gidan bene na Al-Sih ina tsakuwa, ƙwallon dabinon kuma an riga an kwashe an zubar. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito rungume da gwangwanin. Ta bi mata tana zuba wa kowace a cinya. Yawancinsu ba su san ko menene ba. Wata ta ce, "Masha Allah, maɓallan riga ne?" Tsohuwar bakin ƙofa ta sani, ta dubi Inna, Inna ta dube ta, sai ta karɓi nata. Ɗaki ya ɗauki la'ilaha illallahu, kwabban na faɗawa faranti ɗaya bayan ɗaya. Na rantse a duk zaman nan a lokacin ne kaɗai na ji Kawu yana cikin gidan, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya cika.

Ƙarar ce ta jawo taubashina. Ya zo bakin labule zai karɓi butar gahawa, ya ji sautin da ya sani. Ya leƙo.

"Esh hada, ya ummi? Mene ne wannan? Aib, abin kunya! Ga mutane a waje, ga surukai!"

Inna ta ce, "Ƙirge muke yi wa ubanka."

"Da kayan caca? Abin da kuke yi ma ba shi da asali, sannan da wannan?"

Na miƙe na ce masa amanar mutane ce, masu su suna zuwa. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya duktura. Mai amanar ya mutu." Na ce ubansa yake son binnewa sau biyu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ya sa matarsa ta bi ta tattaro, matan suna miƙawa a tsorace, ya rufe gwangwanin ya fita da shi. Na ɗauka zai huce ya ajiye a mota. A babban kwandon sharar baladiyya, hukumar gari, ya jefa shi, da asuba motar shara ta zo. Washegari da na je na duba, ba komai a ciki sai kwalaye.

Da na koma gida na ga ashe ɗaya ya maƙale a naɗin mayafina. Wani shuɗi ne na yumɓu, gefensa ya ɗan ɓantare. Ba baƙin mai ratsin fari ba ne, ba koren Bakamaren ba ne. Ban san na waye ba, ban san daga wane tafki ya fito ba. Wanda zai sake shi a faranti ya gaya min yana Baƙi'a, a inda ban sani ba. Na jefa shi a aljihun jaka na daina zuwa Al-Sih sai in taubashina ba ya nan.

Haka muka zauna har aikin hajji ya zagayo. Wata la'asar ina wurin Inna muna tsince shinkafa, sai ga taubashina ya shigo, ba lokacin dawowarsa ba, don shi ke kula da shagon kafin a samu mai saye. Hannunsa na dama a dunƙule. Ya zauna a bakin gadon ubansa, bai kalle ni ba, ya ba da labari da Larabci yana kallon ƙasa. Wani ƙaton alhaji ne ya zo neman dattijo. Da ya ji ya rasu sai ya zauna a dakalin shagon ya yi ta kuka. Ya tambayi koren kwabonsa, a nan na gane Bakamaren nan ne. Taubashina bai ɓoye ba, ya ce babu. Mutumin ya ce dama ba gani kaɗai ya zo yi ba. Bara kasuwa ta karye masa, ya koma tebur, ya sayar da mota, matarsa ta tafi gidansu. Ya tara kuɗin kujera da ƙyar don ya kawo wa dattijo wani. Ya ciro shi ya riƙe a iska, ba wanda zai ba.

"To me ka yi?" in ji Inna.

Ya buɗe hannun. Wani jan kwabon roba ne, sabo, irin wanda Kawu ke raina wa. Ya ce ya ba mutumin carbi, mafi tsada a shagon. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya yi magana da Hausa, Hausar yaro, wadda rabon da in ji ta a bakinsa har na manta.

"Yaya, ina zan sa shi?"

Ina da maganganu da yawa da na tanada masa, na wata da watanni. Na duba na ga ba ni da ƙarfin ko ɗaya. Inna ta tashi da ƙyar ta shiga kicin, muka ji tana juye sauran madara a kwano. Ta dawo da gwangwanin ta ajiye a tsakaninmu. Na lalubo shuɗin daga jakata na jefa. Ya jefa jan. Biyu ne kacal, suka yi ƙara a gindin gwangwanin, sauran kuma sun tafi da labaransu, ba mai dawo da su.

Ya rufe murfin ya tura shi ƙarƙashin gado da bayan yatsu. Bai san ya yi ba, na tabbata: ya tafa hannu sau ɗaya a hankali, ya buɗe tafukansa sama.

Inna ta san ma'anar wannan hannu fiye da kowa a duniya. Ta dube shi, ta ce, "Amin."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi hannunsa a buɗe yadda ya saba nuna shi.